Ranar da Muka Fitar da Akori-kurar Baba

Akori-kurar mahaifinmu ta fi shekara ashirin a kangon bayan gidanmu na Illela, tayoyinta huɗu duk sun nutse cikin rairayi. Tsohuwar mota ce ƙirar Faransa, fara, mai giya a jikin sitiyari. Da ita Baba ya riƙa kai atamfa da sabulu Konni da Tawa, ya dawo da wake da kanwa. Bayan rasuwarsa ba wanda ya sake tayar da ita, ba kuma wanda ya yarda a sayar wa 'yan gwangwan. Kaji suka mayar da kujerar gaba wurin saka ƙwai.

Yayana ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Direban tirela ne tun ina makarantar firamare, ba mu cika ganinsa ba sai da salla. Wata rana da damina ya dawo gida da jakarsa da bargonsa, ya ce ya gaji da hanya. Bai ƙara bayani ba, kuma Yaya ba mutumin da ake yi wa tambaya biyu ba ne. Bayan sati ɗaya ya sa aka kafa rumfar kwano a kan motar, ya share kangon, ya jera sifanoninsa a kan buhu. Da na dawo daga makarantar da nake koyarwa, na same shi ya buɗe bonet yana shafa injin da tafin hannu.

"Auta, za mu tada ta," ya ce. "Da ka taso daga makaranta, nan za ka riƙa zowa."

Wata takwas muka yi a ƙarƙashin rumfar nan. Muka sauke injin, muka warware shi ɗaya bayan ɗaya, muka jiƙa kayan cikin kananzir a tsofaffin robobin wanka. Fistin biyu sun kame, sai da muka yi kwana huɗu muna ɗiga musu baƙin mai kafin su motsa. Lagireto, wato tankin ruwan sanyaya inji, ya ruɓe, wayoyi ɓeraye sun cinye. Abin da ba mu samu a Sakkwato ba sai mu tsallaka Konni, domin irin waɗannan motoci sun fi daɗewa a raye a can. Akwai wani tsohon bakanike a bayan tasha da ke da tarin gawarwakinsu. Shi ya ba mu kafireto, abin da ke shayar da inji mai, da gilashin gaba, na rungumo gilashin a bayan ɗan kabu-kabu kamar mai riƙe da jariri.

Ban san komai game da mota ba sai abin da Yaya ya koya mini a lokacin. Da kunne yake gane ciwon inji, da yatsa yake gane noti, ko sha uku ne ko sha huɗu. Da farko na ɗauka gwaninta ce kawai. Sai na fara lura da wasu abubuwa. Zai ce in miƙo masa sifana alhali tana gabansa. Ya zuba mai ya zuba a gefen mazurari. Idan muka fito daga inuwar rumfa zuwa rana, sai ya tsaya ya dafa bango kamar yana tunanin wani abu.

Ranar da za mu mayar da injin, mun rataye shi da sarƙa a jikin wani ƙarfe da muka gitta tsakanin bishiyar dogon yaro da katanga. Ni nake sakin sarƙar a hankali, shi yana saita injin da hannu. Na ga ƙugiyar ta zame zuwa bakin ƙarfen da ta kama, saura kaɗan ta kuɓuce, hannun Yaya kuma yana ƙarƙashi. Fuskarsa ba ta fi taki ɗaya da ƙugiyar ba, amma bai ce komai ba.

"Yaya, janye hannunka."

"Mi af faru?"

"Janye dai."

Ya janye. Injin ya faɗi kan mazauninsa da ƙara, motar duka ta girgiza. Ya ce sarƙar ce ba ta da kyau.

Washegari matarsa ta tare ni a bakin madafa. Hajiya muke ce mata, ita ta ƙarasa rainona bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ta leƙa zaure ta tabbatar ba ya nan, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ba gajiya ta maido shi gida ba. Ba shi gani. Ya hau kan shingen hanya wajen Kwantagora da rana tsaka, mai motar ya karɓe makulli. Ya hana ni gaya ma kowa, ya ƙi zuwa asibiti." Ta kama bakin rigata. "Shina cewa shi za ya fara tuƙa wagga mota. Don Allah, Auta, kak ka bari."

Na ce mata to, ba tare da na san yadda zan yi ba. A gidanmu ƙane ba ya ce wa wansa ba ka iya ba. Kuma tuƙi shi ne abu ɗaya da duk garin ya san Yaya da shi.

Daga nan aikin ya zame mini nauyi. Kowane noti muka ɗaure, sai in ji ranar tana matsowa. Na fara jan ƙafa. In ce mai fenti bai samu zuwa ba, in ce batir ɗin da muka saya bai cika caji ba. Ranar da injin ya fara tashi, hayaƙi ya turnuƙe kangon, maƙwabta suka shigo suna yi wa Baba addu'a. Yaya ya kifa kansa a kan sitiyari ya daɗe bai ɗago ba. Ni kuwa ina tsaye ina kallon Hajiya, ita ma tana kallona.

Yaya ya sa ranar Talata bayan la'asar, ya ce za mu kai ta Kalmalo mu dawo. Da azahar ɗin ranar, yana masallaci, na buɗe bonet na cire ɗan ƙaramin abin nan mai juyawa da ke raba wa fulogogi wuta, na sa a aljihu. Shi da kansa ya taɓa gaya mini cewa in babu shi mota ba ta tashi.

Bayan la'asar ya fito da farar riga da hula. Ya murɗa makulli, injin ya yi ta juyi bai kama ba. Ya sake murɗawa. Sai ya fito a hankali, ya buɗe bonet, ya bi wayoyin da hannu har ya kai ga murfin, ya cire, ya zura yatsa. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya miƙo mini tafin hannu, bai ko juyo ba.

"Ba ni."

"Yaya…"

"Ba ni, na ce."

Na ciro na ba shi. Ya mayar, ya rufe bonet, ya goge hannu.

"In kana tsoro, zauna gida," ya ce.

Na zagaya na shiga ɗaya gefen. Hajiya tana bakin ƙofa, ban iya kallonta ba.

Cikin gari ya tafi a hankali, da giya ta biyu. 'Yan canji da ke zaune a kan benci suka miƙe suna ɗaga mana hannu, wani dattijo ya biyo mu da kabbara. 'Yan kabu-kabu suna ta kutsawa ta ko'ina. Na fara magana kamar mai hira: ga mashin nan ta dama, ga mai baro nan gaba. Kowane lokaci sai ya ce, "Na gan shi." Amma na lura ba ya taka birki sai bayan na yi magana. A na huɗu ya ce, "In ka ƙara, zan sauke ka." Na dafe murfin akwatin gaba da hannu biyu.

Da muka bar gidaje muka kama hanyar Kalmalo, sai rana ta dawo mana cikin ido, domin yamma muka fuskanta. Gilashin ya yi fari fat. Ni mai lafiyar ido ma sai da na kare fuska da hannu. Yaya ya sa giya ta uku, sannan ta huɗu. Injin yana tafiya sumul, ya karkata kai yana saurare, har na ga ɗan murmushi a bakinsa. Ban ga wannan murmushin ba tun dawowarsa.

Can gaba na hango amalanken shanu, an lafta masa buhunan albasa, wani tsoho zaune a sama. Gefenmu yake, hanya ɗaya muke bi. Hagu kuma wani mai mashin ne ke tahowa da fasinja. Na jira Yaya ya sassauta. Na ce a raina zai gani, amalanke ba ƙaramin abu ba ne. Na dubi ƙafarsa, tana kan totur. Na dubi gaba, har ina iya ganin igiyar da aka ɗaure buhunan. Na sake duban ƙafarsa.

"Birki, Yaya! Amalanke!"

Ya taka. Birkin da muka yi sati biyu muna gyara ya kama, amma tsakuwa ta ja mu. Na kama sitiyari na fizga dama. Gefen motar na hagu ya daki kusurwar amalanken, na ji fitila ta tarwatse, muka gangara cikin rairayin gefen hanya muka tsaya. Injin ya mutu.

Na fito. Buhu uku sun faɗo, ɗaya ya fashe, albasa ta watsu a hanya. Shanun sun ja amalanken gaba kaɗan sun tsaya suna huci. Tsohon yana zaune a ƙasa, yana riƙe da gwiwar hannu, jini yana bin hannun rigarsa. Mai mashin ya tsaya, shi da fasinjansa suka taimake ni muka ɗaga shi. Ya motsa hannun, ya motsa ƙafa. Ƙujewa ce, ba karaya.

Yaya ya fito yana dafa motar har ya zo inda muke. Mai mashin ya fara faɗa, yana cewa wane irin tuƙi ne wannan a hanyar da ba kowa. Tsohon ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi. Ya dubi Yaya da kyau, ya dubi furfurarsa.

"Alhaji, ba ka gan ni ba?"

Na buɗe baki zan ce rana ce, zan ce birki ne sabo bai zauna ba. Yaya ya riga ni.

"Ban gan ka ba, Baba," ya ce. "Wallahi ban gan ka ba. Ba ni gani."

Yaya ya durƙusa a gabansa ya nemi gafara. Tsohon ya ce Allah ya tsare gaba, ya ce shi ma ƙanwarsa haka ta yi fama har aka yi mata aiki a Sakkwato. Na yage gefen rawanin da ya miƙo mini na ɗaure masa hannun. Sai muka shiga tsintar albasa. Yaya yana rarrafe a hanya cikin farar rigarsa, yana lalube da hannu, wani lokaci ya ɗauko dutse ya jefar. Na so in ce ya bari, na kasa.

Ƙafar amalanken ɗaya ta karkace, ba zai ɗauki kaya ba. Muka kwashe buhunan muka loda a bayan akori-kura, fasinjan mashin ya ce shi ɗan Kalmalo ne, zai kora shanun gida. Mutane huɗu masu wucewa suka turo mu muka hau hanya. Tsohon ya hau baya ya zauna a kan albasarsa. Yaya ya tsaya a bakin ƙofar direba, ya daɗe, sannan ya zagaya ya shiga inda na zauna ɗazu.

Mashin na iya, sai ƙaramar motar wani abokin aikina mai canja giya da kanta da na taɓa ja sau biyu. Na gaya masa haka.

"Zauna," ya ce. "Ƙafar hagu kuloci. Taka har ƙasa."

Na taka. Ya miƙo hannu ta gefen sitiyari ya sa giya da kansa. Sau uku motar tana mutuwa a hannuna kafin mu motsa. Haka muka tafi: ni ina kallon hanya, shi yana sauraren inji, in ya ce taka in taka, ya canja giya. Muka sauke tsohon a ƙofar gidansa kusa da tafki, masunta suna ta fitowa kallo. Muka dawo Illela ana kiran magariba, da fitila ɗaya.

Hajiya ta ga fasasshiyar fitilar, ta ga wanda ke tuƙi, ta ga ƙasa a gwiwoyin mijinta. Ta je ta kawo masa ruwan alwala.

Kwana biyu bai yi mini magana ba. A na uku ya aiko a kira ni, ya ce in nemi izini a makaranta, in raka shi Sakkwato. Likita ya ce idon dama yanar ido ce ta rufe shi, za a iya cirewa. Na hagu kuwa an makara, jijiyar ta riga ta mutu. Aka yi masa aikin bayan sati uku. Da aka cire bandeji, ya dube ni ya ce ashe na yi furfura haka.

Bai sake neman aikin tirela ba. Tsohon na Kalmalo ya warke, har yanzu in ya shigo kasuwa yakan biyo ta gidanmu su zauna da Yaya a zaure. Har yau Yaya bai tambaye ni wanda ya gaya mini zancen idonsa ba, ni ma ban faɗa ba.