Jegon Zinariya

Zinariya mai daddawa ce a Rimaye. Ranar kasuwa da ƙafa take zuwa Kankiya, ƙwarya a ka, ba a taɓa jin ta ce ta gaji ba. A shekarun da kuɗin fetur suka fara shigowa ta haifi ɗanta na uku, Bube.

Bayan suna ƙafafunta suka kumbura. In ta kwanta numfashi ya gagara, sai dai ta yi barci a zaune. Mijinta Gajere ya ɗora ta a keke ya kai ta asibiti. Nas ɗin da ta karɓe ta, Hawwa'u, ta danna ƙaurinta da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba.

"Zuciyarki ce ta gaza, ruwa ya taru. Daga yau ba kunun kanwa, ba wankan ruwan zafi, ba kwanciya a gadon wuta. Gishiri ma ki rage. Kin ji, ko sai na maimaita? Na san halinku, mutanen ƙauye."

"Na ji, Malama."

Ta kuwa ji. Uwar mijinta, Kaka, ta dama mata kunu, ita kuma ta faki ido ta zubar a bayan rumbu. Ruwan wanka ta sirka shi. Ta sha ƙwayoyinta, kumburi ya sace, har ta koma kasuwa.

Da bazara ƙyanda ta shigo gari ta kwashe yara, har da Bube. A wurin zaman makoki wata maƙwabciya ta faɗi abin da ta daɗe tana gani a bayan rumbu. Kaka ta miƙe a gaban mata.

"Ashe ɗanyen jego kika yi, kika ɗura ma jikana ɗanyen nono! Ke kika kashe shi."

Mata suka daina sayen daddawarta. Gajere bai sake ta ba, amma bai ƙara cin tuwon hannunta ba.

Da ta sake haihuwa, aka sami ɗiya mace, ba wanda ya tilasta mata. Da kanta take neman a ƙara kanwa, ta shanye a gaban kowa, ta hau gado ta ce a ƙara itace.

A kwance aka maida ta asibiti. Hawwa'u ta gane ta. Ta kira matan da ke jiran awo, ta yaye ma Zinariya zane har gwiwa.

"Ku zo ku ga mai taurin kai. Na yi mata magana, ta maishe ni mahaukaciya."

Zinariya ta buɗe baki za ta yi bayani, numfashi bai bar ta ba. Ba ta kai kwana arba'in da haihuwa ba ta rasu.

Hawwa'u ta yi shekaru tana tsorata masu ciki da labarin wata 'yar Rimaye da ta ƙi jin maganar asibiti. A Rimaye kuwa tsofaffi suka ce jegon Bube da ta ƙi yi ne ya biyo ta. Ɗiyar da ta bari, Kaka ce ta raine ta, kuma da wannan labarin ta tashi.