Tsohon Dinamo a Motata

Shekara goma sha ɗaya mutum ɗaya ke taɓa mini mota a Tamanrasset. Bakanike ne ɗan Damagaram, dogo, marar yawan magana. Garejinsa yana bayan unguwar Tahaggart, rumfar kwano ce da rami guda da wata tsohuwar kujerar mota da muke zama a kai muna jira. Ni kuwa mutumin Maraɗi ne, ina da shago a Kasuwar Assihar, atamfa da shadda da turare nake sayarwa. Duk wanda ya zauna da ni ya san bakina ya fi tunanina sauri. Matata ta gaji da faɗa mini, har ta bar ni da halina.

Motata tsohuwar kat-kat ce, da ita nake ɗauko kaya, da ita nake kai yara lekkol. Wata rana dinamonta ya mutu, wato ƙarfen nan da ke mayar wa batir wuta idan mota na tafiya. Ɗan Damagaram ya ce ya wuce gyara, sai sabo. Na ba shi kuɗi ya sayo. Ya kawo kwalin gabana ya ce in duba, ni kuma ina waya da wani mai kaya a Agadas, sai na ɗaga masa hannu na ce ya sa kawai. Ban leƙa ba, don ban taɓa leƙa aikinsa ba.

Bayan mako guda na tashi zuwa Alje, babban birnin ƙasar, ganin likitan ido. Na kai motar filin jirgi da kaina, na ajiye ta a wurin da matafiya ke barin motoci. Fili ne da aka kewaye da waya, wayar ma ta kwanta ta ɓangare guda, akuya ba sai ta yi tsalle ba. Sandar ƙofa an ɗaure ta sama da igiya don kada a wahala da ɗagawa. Akwai ɗan ɗakin gadi, da wani mai gadi sanye da rigar nan mai ruwan ɗorawa. Na biya, ya yago mini tike. Na nuna masa motar na ce ya sa mini ido.

"Makash mushkil, ya hajj," ya ce, wato babu matsala.

Kwana tara na yi niyya, likita ya riƙe ni goma sha biyu. Da muka sauka da hantsi na nufi motar da sauri, saboda na sha jin labarin wurin. Wani ya dawo ya tarar babu madubi ko ɗaya. Wani an ɗauke masa batir, wani kuma tayar ko-ta-kwana da jak. Na zagaya motata sau biyu da ido ɗaya, ɗayan yana rufe da auduga. Madubai suna nan, fitilu suna nan, ƙofofi a kulle, ƙura ta lulluɓe ta daidai ko'ina. Na murɗa makulli ta tashi bugu ɗaya. Don murna har na buɗe jaka na ba mai gadin kwalbar turare mai tsada. Duk lokacin da na tuna kwalbar nan sai in ji kamar in mari kaina.

Kwana uku da dawowata motar ta mutu mini a tsakiyar titi da rana tsaka, cike da dilolin atamfa. Aka taya ni turawa zuwa wurin wani bakanike Balarabe da ke kusa. Ya buɗe gaba, ya leƙa, ya taɓa nan ya taɓa can, sai ya kwashe da dariya. Ya tambaye ni yaushe rabon da in canza dinamo. Na ce ko wata bai yi ba. Ya kwance shi ya ɗora mini a hannu. Baƙi ne ƙirin, duk tsatsa da busasshen mai, an ɗaure wata waya da tsumma.

"Wannan ya girmi motar," in ji shi. "Wanda ya sayar maka da shi a matsayin sabo, ba ya tsoron Allah."

Ban san lokacin da na isa Tahaggart ba. Akwai mutum huɗu ko biyar a garejin, har da direbobin hanyar Agadas. Na jefa ƙarfen a gaban ɗan Damagaram, saura kaɗan ya same shi a ƙafa. Ya ɗauka, ya juya shi, ya daɗe yana kallo.

"Alhaji, wanga ba shi ne na sa maka ba."

"To aljannu suka sa?" na ce. "Wa ke taɓa motar nan in ba kai ba?"

Ya tambaye ni ko na bar ta wani wuri. Na ce na bar ta filin jirgi, kuma na same ta yadda na bar ta, kada ya raina mini hankali. Ɓarawon da na sani ɗauka yake yi ya gudu. Ban taɓa jin ɓarawon da zai zo da nasa kayan, ya ɗaura maka, ya ɗaure ƙusoshi, ya rufe maka mota ba. Na kira shi macuci, na kira shi maci amana, na ce shekara goma sha ɗaya Allah kaɗai ya san abin da ya kwashe a jikin motata. 

Mu ƴan Nijar a garin nan ba ma kai rigimarmu kumsariya, wato ofishin ƴan sanda. Rabinmu takardunsu ba su cika ba, ko mai cikakku ma ba ya son a riƙa ganin fuskarsa a can. Akwai wani dattijo a kasuwa, tsohon ɗan kasuwa ne da ya riga kowa zuwa, a shagonsa ake zama bayan la'asar a sha shayi a kashe magana. Can na kai ƙara. Shagon ya cika, har da waɗanda ba a kira ba. Na faɗi nawa da ƙarin gishiri. Ɗan Damagaram kuma ya faɗi nasa a jimla biyu. Dattijo ya ce tunda babu shaida, sai ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa sabo ya sa, magana ta mutu.

Ɗan Damagaram ya sunkuyar da kai.

"Baba, tun da nake ban taɓa dafa Littafin Allah a kan abin duniya ba. Ba zan fara a kan ƙarfe ba. Zan sayo mashi wani."

Washegari ya sayo sabo da kuɗin aljihunsa, ya ɗaura, wannan karon ina tsaye a kansa. Ni a wurina an gama shari'a. Ya ƙi rantsuwa, kuma ya biya, me ya rage? Haka kowa ya fahimta. A cikinmu akwai waɗanda suka san iyayensu ma ba sa rantsuwa ko da suna da gaskiya, ni kaina mahaifina haka yake, amma babu wanda ya tuna da wannan a ranar. Kuma ban bar maganar ta kwanta ba. Duk wanda ya shigo shagona sayen yadi biyar sai ya fita da labarin dinamo kyauta. Ina ba da shi da daɗi, ina kwaikwayon yadda ya sunkuyar da kai, ana dariya.

Baƙo a ƙasar mutane ba shi da abin da ya wuce sunansa. Ba shi da takardar shaidar sana'a a bango, ba shi da dangi a gari, mutane na kawo masa mota ne don wani ya ce mutumin kirki ne. Ƴan kasuwa suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, direbobi suka bi. Kafin shekara ta zagayo na wuce ta Tahaggart na ga rumfar an cire kwanonta. Aka ce mini ya koma In Amguel yana facin taya a bakin hanya, matarsa da yara kuma ya mayar da su gida. Na ce Allah ya ƙara, na ci gaba da harkata.

Shekara ɗaya da wani abu bayan nan na je filin jirgi tarbar ƙanen matata. Jirgin ya yi latti, ana rana, sai na koma cikin mota na zauna a wancan filin dai. Layi biyu a gabana akwai wata farar mota da ƙura ta rufe, da gani mai ita ya kwana biyu da tafiya. Mutum biyu cikin shuɗin kayan aiki sun buɗe gabanta suna aiki a natse, ɗaya har yana waƙa ƙasa-ƙasa. Na ɗauka mai motar ne ya turo su. Ina kallonsu ne kawai don ba ni da abin yi. Ɗayan ya zaro dinamo mai ƙyalli ya sa a buhu. Ya sa hannu a cikin buhun ya fito da wani baƙi, ya miƙa wa abokinsa. Suka ɗaura, suka ja bel, suka rufe. Sai wanda ke waƙar ya duƙa, ya ɗebi ƙasa a tafin hannu, ya riƙa barbaɗa ta a hankali a kan murfin, daidai inda hannayensu suka share ƙura, yana hurawa da baki.

 Ina so in yi ihu, amma abin da ke cikin kaina ba su ba ne, ɗan Damagaram ne. Suka ɗauki buhunsu suka bi ta ƙofa, ba ta inda waya ta kwanta ba ma, suka ɗaga wa mai gadi hannu, shi ma ya ɗaga musu. Taku ashirin ke tsakaninsa da motar, yana fifita gawayin shayi.

Na sauko na sami mai gadin, na faɗa masa abin da na gani da guntun Larabcina. Ba wanda na ba turare ba ne, wani ne, amma amsar da na samu ko wancan ne ita zai ba ni. Ya ce shi ƙofa aka ba shi, ba cikin motoci ba. Ya ce mutum ya zo da kayan aiki, ta ina zai san ba mai mota ne ya aiko shi ba? Ya juya bayan tike ya nuna mini wani ƙaramin rubutu, wai ba su da alhakin abin da ya ɓace. Sannan ya tambaye ni ko tawa motar aka taɓa. Na ce a'a, yau dai ba tawa ba ce.

"To, Allah galib," ya ce, wato ikon Allah ne, ya koma kan shayinsa.

Kwana biyu ban iya cin abincin kirki ba. A rana ta uku na kama hanyar arewa zuwa In Amguel. Na same shi a bakin titi ƙarƙashin wata tamfal, da injin iska da tulin tsofaffin tayoyi, manyan motoci na wucewa suna watsa masa ƙasa. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Yana cire ƙusa daga tayar wata babbar mota lokacin da na yi sallama. Ya amsa, ya nuna mini wata taya in zauna, bai bar aikinsa ba. Na faɗa masa komai, har da ƙasar da aka barbaɗa. Na ce na zalunce shi, ya yafe mini don Allah. Ni da ba na kuka ko a wurin mutuwa, ranar na yi.

Sai da ya gama manna facin ya ɗago.

"Na yafe, Alhaji. Amma nan babu kowa sai ni da kai da tayoyi. Can ka faɗa, gaban mutane. Sunana nake so, ɗiyana suna girma."

Na ce wannan mai sauƙi ne. Wallahi haka na ɗauka.

Ranar Juma'a bayan la'asar na sa aka tara mutane a shagon dattijo. Ba su kai na wancan karon yawa ba, don an san ba faɗa za a yi ba. Na miƙe tsaye na ce ni ne na yi wa bawan Allah ƙazafi. Na kwatanta musu buhun, da baƙin dinamon, da mai gadi da gawayinsa. Na ce duk wanda ya ji labarin daga bakina, to ƙarya na ba shi, kuma ni zan kafa wa mutumin nan rumfa da kaina in ya dawo, su dai su mayar masa da motocinsu. Dattijo ya gyaɗa kai ya ce madalla, Allah ya ba mu ikon gyara kuskurenmu, aka shafa fatiha. Nan take hira ta koma kan dowan, wato ƴan kwastan, da farashin sukari. Wasu suka fara ba da nasu labarin filin jirgin, wane madubi, wane batir, ana tsaki ana dariya. Babu wanda ya tambaye ni inda ɗan Damagaram yake ko halin da yake ciki.

Da muka fito, wani maƙwabcin shagona mai motoci uku, wanda da can duk a Tahaggart ake gyara masa su, ya kama hannuna ya ja ni gefe. Fuskarsa cike da girmamawa.

"Alhaji, ka burge ni yau. Rufa wa ɗan'uwa asiri lada ne babba, labarin ma ka tsara shi da kyau."

Na ce masa ba tsarawa na yi ba, da idona na gani. Ya yi murmushi ya matse mini hannu.

"Na gane, Alhaji, na gane. Allah shi biya ka. Amma ni dai motata ba ta komawa wurinshi."