Wasiƙar Baffa Sule

Ranar wata kasuwar Ɗambatta ce da kaka, shekarar da nake aji biyar na firamare. Muna tsakar gida ni da ƙannena muna ɓarar gyaɗa, an jibge dammunan gero a bakin rumbu, sai ga Babanmu ya dawo daga kasuwa da wasiƙa a aljihu. Wani direban motar shanu ne ya ba shi a tasha, ya ce daga Legas, daga wajen Baffa Sule, ƙanin Baba kuma autan kakarmu Iya. Nan da nan Iya ta ajiye tsintar wake ta ce, "Ku kira min 'yar boko."

A lokacin wayar hannu ba ta zo ba. In dagaci yana da magana, mai shela ne ke zaga ƙauye yana faɗa. Rasuwar wani babba a rediyo ake ji, sauran saƙonni kuwa bakin matafiya ke ɗaukar su, ko takarda, ko kaset ga mai rikoda. Baba ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami, amma bai san boko ba. Saboda haka duk wasiƙar da ta shigo gidanmu da gidaje uku na maƙwabta, hannuna take biyowa. Kaina ya yi girma ƙwarai. Ko 'yar gala-gala muke yi a ƙofar gida aka kira ni karatu, sai na wanke hannu na gyara ɗankwali, na bar mutane suna jira. Kiwon awaki da ɗebo ruwa a rijiya ma na fara tura wa ƙannena.

Da na buɗe takardar sai na ga ba irin wadda na saba karantawa ba ce. Baffa yakan sa abokinsa ya rubuta masa da Hausa, harafi ɗaiɗai. Wannan kuwa Turanci ce, rubutun haɗe da juna kamar sawun kaji. Sunan Baba na gane, da sunan Iya, sai wata kalma ɗaya a tsakiya wadda aka koya mana a makaranta, mai nufin asibiti. Na ɗaga kai na ga matan gida sun zagaye ni, har da Hanne, sa'ata da ba a sa makaranta ba, wadda nake yi wa gori kullum. Na san in na ambaci asibiti za a tambaye ni sauran, ni kuwa ban san sauran ba. Sai na gyara murya na karanto abin da wasiƙu suka saba faɗa: yana lafiya, yana gaida kowa da kowa, sai da babbar salla zai zo. Iya ta yi hamdala, ta ba ni ƙuli-ƙuli, ta naɗe takardar ta sa a cikin ƙwaryar da take ajiye carbinta.

Gidan Malam Habu, malamin ajinmu, bai fi taku ɗari daga namu ba. Kullum da safe ina wuce shi, kullum ina ce wa kaina gobe zan sato takardar in kai masa. Aka yi sussuka, aka kai gero rumbu, ban kai ba.

Bayan mako uku direban nan ya zo da kansa har ƙofar gida, ya yi sallama da Baba. An binne Baffa kwana huɗu da suka wuce. Ya ce har ranar ƙarshe Baffa yana tambaya ko wasiƙarsa ta isa, don kuwa ya roƙi wata ma'aikaciyar asibitin da yake kwance ta rubuta cewa a zo masa da Iya ya gan ta. Baba ya shigo gida wajen Iya. Ya karɓi takardar ya nufi gidan Malam Habu, ni kuwa na shige bayan rumbu na durƙusa cikin kara. Da ya dawo, an karanta masa abin da ke ciki, na ji ya karyo tsumagiya, sai muryar Iya ta tare shi: "Ajiye tsumagiyar nan. Duka ba zai kai ni Legas ba."

Sai bayan sadakar bakwai ta kira ni ɗakinta. Na tsuguna daga bakin ƙofa, na kasa kallonta. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Asabe, da kin ce ba ki iya ba, wa zai dake ki?" Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma har ta rasu ba ta sake tayar da zancen ba. Na fi shekara ina sulalewa in ɓuya in an kawo wasiƙa.

Yau ina koyarwa a wata firamare kusa da Dawakin Tofa. Mahaifiyata, wadda ba ta taɓa riƙe biro ba, takan danna waya ta aika wa ƙanina murya a Legas, ya amsa mata kafin tuwo ya nuna, babu yaron da ke tsakaninsu. Wani lokaci nakan yi kewar yadda gida ke taruwa kan takarda ɗaya, amma kewar ba ta daɗewa sai Iya ta faɗo min a rai. Na karanta wasiƙu da yawa tun daga nan. Waccan ɗayar ce har yau ban gama da ita ba.