Baba Sha'aibu Mai Rabon Ruwa

Ina cikin tsinkar zogale a garkata a Jiratawa wayata ta yi ƙara. Lawali ne daga Sabon Gari, inda mahaifinsa ya yi wata biyu yana jinya. "Sani, Baba ya cika da hantsin nan," ya ce. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a bakin kanal ɗin ban ruwa na yi kuka, amma ba zan ɓoye muku ba, kafin hawayen su bushe na tsinci kaina ina murmushi. Duk wanda ya san Baba Sha'aibu ba zai yi mamaki ba.

Shi ke rabon ruwa a ɓangarenmu tun ina saurayi. Bagobiri ne daga Tibiri, ga shi da son siyasa kamar me. Lokacin yaƙin zaɓe shi ne a gaba, hular jam'iyya a ka, yana taka rawa kamar ba dattijo ba. Ni kuwa ina ɗaya jam'iyyar, shi ya sa bai da sunan da yake kirana da shi sai "ɗan adawa". Amma duk ranar da zai buɗe ƙofar ruwa, sai ya cire hular nan ya rataye a reshen mangwaro. In an tambaye shi dalili ya ce, "Albasa ba ta jehwa ƙuri'a."

Wata shekara aka yi zaɓe mai zafi, aka kayar da mu. Gari ya rabu biyu, har majalisar shayinmu ta dare, kowa da butarsa. Sai magana ta bazu cewa waɗanda suka faɗi su ne za su sha ruwa a ƙarshe. Na yarda nan take, don a ganina duk wanda ya samu mulki haka yake yi. Albasata kuwa ta fara kwanciya, ita ce kuma abincin gidana na shekara. Sau biyu Lawali yana tare ni a hanya, ina murza babur ina wucewa. Ɗan gidan masu nasara, me zai gaya mini in ba gori ba?

Ranar Laraba da rana tsaka, kowa ya nemi inuwa, na ɗauki fartanya na lallaɓa na fasa bakin kanal, ruwa ya juyo garkata. Ina tsugune ina waige-waige, sai na ji tari a bayana. Baba ne a gindin mangwaro, kai ba hula, dariya ta hana shi magana.

"Ɗan adawa, mi kake yi haka?"

"Baba, a yi mini aikin gafara."

"Gahwarar mi? Ruwan ga don kai na buɗe shi! Na ga albasarka ta kwanta, na roƙi maƙwabtanka sunka bar maka yau, su da kake cewa maƙiyanka ne. Tun shekaranjiya nike aiko maka Lawali kana gudu. Na daɗe duniya, ban taɓa ganin ɓarawon da ya sha rana haka don shi saci kayanshi ba."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya sa na gyara abin da na fasa, sannan ya bi majalisun nan biyu yana ba da labari, kullum yana ƙara masa gishiri. Aka yi ta yi mini dariya, har masu dariyar suka manta da gabarsu suka koma shan shayi a buta ɗaya. Albasata ta yi kyau a shekarar. Ban kuma koma jam'iyyarsa ba, shi ma bai taɓa nema ba.

Bayan mun dawo daga maƙabarta, Lawali ya tashi a gaban jama'a ya miƙo mini makullin ƙofar ruwa. "Baba ya ce in manoma sun yarda, a ba ɗan adawa. Ya ce shi ya san yadda tsoro ke sa mutum sata, ba zai bari wani shi ji tsoron ba." Mutanen jam'iyyarsa ne suka fara cewa sun yarda.

Allah Ya jiƙan Baba Sha'aibu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya shayar da shi daga tafkin Alkausara. Allah Ya ba matarsa Inna da Lawali da sauran iyali haƙuri, Ya albarkaci bayansa. Ni kuma ku sa ni a addu'a, Allah Ya ba ni ikon riƙe amanar nan yadda ya riƙe ta, amin.