Sista Muhibba da Saifar Nababa

Kafin mu masu shaguna a bakin titin Mpape mu buɗe ƙofa, Sista Muhibba Sabo ta riga ta sauka daga keke ta shige ƙaramin asibitin da ke gindin dutse. Firji take fara dubawa, ta tabbatar alluran rigakafi sun kwana da sanyinsu ko da an ɗauke wuta. Sannan ta zaunar da masu jira a benci, ta yi musu ɗan karatu kafin a fara ganin likita. Shagona yana kallon asibitin, don haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gani. A wannan watan za ta ajiye aiki, na ga bai kamata ta tafi shiru ba.

Karatun nata yawanci a kan saifa yake, saboda yara masu sikila da ake kawo mata, waɗanda saifarsu kan mutu tun suna ƙanana. Mu da muka san saifa a tiren mai tsire kawai, a bakinta muka ji aikinta. Takan ce jini yana ratsa saifa, a bakin hanyar kuma akwai wasu fararen ƙwayoyin jini, makurofej, masu cafke ƙwayar cuta. Su kaɗai ba sa iya tayar da rundunar jiki. Sai su miƙa guntun abin da suka kama ga wasu masu dogayen yatsu, dandiritik, su kuma su shiga da shi can ciki su nuna wa mayaƙan jiki da ake kira ƙwayoyin T. Da ƙwayoyin T sun gane kamannin abokin gaba, sai su hayayyafa su bazu cikin jiki suna farautarsa. Ta sha maimaita wannan har mata masu goyo suna ƙarasa mata magana.

Nababa mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Katsina, fasa dutse ya kawo shi Abuja. Wata rana dutse ya gangaro ya doke shi a haƙarƙarin hagu, saifarsa ta fashe. Likitoci a babban asibiti suka cire ta don su tsayar da jini, suka sallame shi da umarnin ya je a yi masa rigakafi. Bai je ba. Matarsa Kubra ce ta zo ta gaya wa Sista, tana ta juya bakin mayafi.

Da aka tashi aiki Sista ta cire takalmin ofis, ta sa silifa, ta bi siririyar hanyar ƙafa da ke hawa dutse, ga ta da ciwon gwiwa. Ta same shi a ƙofar ɗaki yana gyara ƙotar guduma.

"Sista, ni fa na warke," in ji shi. "Oga ma ya ce in dawo aiki. Mai lafiya me zai yi da allura?"

"Malam Nababa, ɗinki ne ya warke," ta ce. "Wurin da masu kamawa da masu kaiwa suke haɗuwa su tace jininka, shi aka cire. Akwai sauransu a wuya da hammata, inda kaluluwa ke fitowa. Allurar nan za ta nuna musu kamannin cutar tun ba ta zo ba."

Bai yarda ba a ranar. Ta sake hawa, ta kuma sake, har ya ji kunya ya sauko da kansa. Bayan allurar ta ja Kubra gefe ta ce wanda ba shi da saifa ba a kwana da zazzaɓinsa, ba a jiran maganin kemis ya yi aiki.

Da damina ta yi tsakiya zazzaɓi ya kama Nababa da hantsi. Ya ce a bar shi ya kwanta. Kubra ta ƙi, ta tare ɗan acaɓa, ta ɗaure mijinta a bayansa da zane. Ina tsaye aka sauke shi, jikinsa na karkarwa, bai san inda yake ba. Sista ta kira likita, aka sa masa magani ta jijiya nan take, ta shiga mota ta raka shi babban asibiti. Ƙwayar cuta ce ta shiga jininsa. Likitocin can suka ce saurin kawo shi ne ya cece shi. Yau Nababa yana kan ƙafarsa, kuma duk abokin aikinsa da aka yi wa irin tiyatar da aka yi masa, shi yake riƙo hannunsa ya kawo asibiti.

Sista Muhibba, ke ce kika hau dutse don mutumin da bai kira ki ba. Ke ce kika ɗauko ilimin da ke kulle a littattafan likitoci kika zuba shi a Hausar da mai fasa dutse zai gane. Uwar marasa saifa, mun gode. Allah Ya ba ki lafiyar gwiwa, Ya sa hutunki ya yi albarka.

Ku kuma matasan da za ku karɓi makullin firjin nan, kada ku tsaya a yin allura kawai. Ku gaya wa mutum abin da take yi a jikinsa. Idan bai zo ba, ku sa silifa ku hau ku same shi.