Ranar da Inna ta kira jirgi

Shekarun baya, wani abokina mai aiki a gandun dajin da ke bakin tafki, can wajen Wara, ya matsa mini in je kallon wasan kwaikwayon da suka fara yi a fili. Wai wasan ya fi birai da tsuntsaye jawo baƙi. Ni da nake cewa kallon wasa ɓata lokaci ne, sai ga ni bayan la'asar a tabarmar gaba, Inna tana gefena.

Da ƙyar ta biyo ni. Tana budurwa ruwan Kainji ya shanye garinsu, har da kabarin mahaifinta, kuma tun daga nan ba ta sake taka jirgi ba.

Wasan kuwa labarin irin waɗannan garuruwa ne. Babu dandamali, rairayin gaɓa ne kawai, ruwa ya kwanta a bayan 'yan wasa yana sheƙi. Aka zo inda wata yarinya za ta kira mai fito, wanda aka ɓoye da jirginsa bayan ciyayi. Ta kira, iska ta kwashe muryar. Ta sake, shiru.

Sai Inna ta miƙe. Ta dafe kunne, ta ja kiran fito irin na da, mai tsawo, mai karyewa a ƙarshe. Ban taɓa sanin tana da wannan murya ba.

Jirgi ya ɓullo, amma ba na 'yan wasa ba. Wani tsohon masunci ne.

"Wa ya kira?"

"Baba, wasa ake yi," in ji abokina.

"Kiran ga ba na wasa ba ne. Taruna na baro cikin ruwa. A garinmu, wanda ya kira shi ka shiga."

"Ni ce," in ji Inna. "Ka san inda kukar tsohuwar maƙabarta take?"

"Hajiya, kullum bisa kanta nike wucewa."

Na ce, "Inna, ki zauna mana."

"Kai dai riƙe mini takalmi."

Baƙi suka ɗauka cikin wasan ne, suka yi ta tafi. Ni kuwa na tsaya da takalma a hannu, ina kallon jirgin yana ƙanƙancewa har ya tsaya a tsakiyar haske. Daga nesa na hango ta ɗaga hannuwa biyu.

Allah ya jiƙan Inna. Har yau in na zo gaɓar nan da yamma, wajen nake fuskanta in yi musu addu'a, ita da mahaifinta.