Inna da Yayan Cikin Talabijin

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, a iya sanina. Shi ne ɗan farinta, ita kuwa jinin Fulani ce ta wajen uwa, ta riƙe alkunya da zafi fiye da duk matan da na tashi na gani. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi ta tafi da shi Maradun, can ya girma. Idan ya zo gaishe da Inna, sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Idan ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce "wancan". Da ya koma Bakura yana fataucin dabbobi, ya zama "na Bakura". Mu uku ta haifa: Yaya, sai ni, sai Auta. Shi Auta ba ruwansa da wata alkunya, har ya yi gemu yana cin abinci a kwanonta.

Shekarar da Baba ya rasu ita ce shekarar da zama ya gagara a ƙauyenmu, can bayan Kaya. 'Yan bindiga sun matsa, yau a ɗauki wannan, gobe a kora shanun wancan. Muka ɗauko Inna muka kawo ta gidana a Talata Mafara. Auta ya ce shi ba inda za shi. Geron ƙarshe da Baba ya shuka da hannunsa ya fara fitar da kai, Auta kuma ya rantse sai ya ga an girbe shi. Shi kaɗai yake kwana a gidan, maƙwabta duk sun watse.

Wata safiya Yaya ya isa ƙauyen da mota da kafinta. Bai yi shawara da kowa ba. Ya sa aka ɓalle kwanon rufin gidan kaf, aka cire ƙyamare, aka loda a mota, ana tsakiyar damina. Ruwan da ya biyo baya ya jiƙe ginin laka, ɗakin Baba ne ya fara zubewa. Dole Auta ya tattaro ya zo Mafara, gero kuwa tsuntsaye suka ci rabonsu. A ƙofar gidana suka haɗu, Auta ya dubi wansa ya ce, "Ka sake binne Baba." Yaya bai ce komai ba, ya shiga mota.

Daga ranar gaisuwa ta yanke tsakaninsu. Inna ba ta ce uffan ba, mu kuma muka ɗauki shirunta a matsayin hukunci. Auta yana ganin tana bayansa, dangi ma haka, ni ma haka, don na yi kukan ɗakin nan na Baba sosai. Da Auta ya buɗe shagon cajin waya ya kama gida, Inna ta koma wurinsa, kamar yadda aka saba uwa ta zauna da autanta. Shi ke nan Yaya ya rasa ƙofar da zai shiga ya gaishe da uwarsa. Sai dai shinkafa ta zo daga Bakura a bayan babur, a sauke, ɗan acaɓa ya juya. Damina ta zagayo, ta sake zagayowa, muna a haka.

A cikin wannan hali ne wani wasan talabijin ya shigo gidan. Auta yana da sola da dish, don haka duk mako idan an idar da sallar magariba matan unguwa sukan cika tsakar gidansa, a fito da talabijin a ɗora kan turmi da aka kife. Labarin wa da ƙane ne, 'ya'yan wani attajiri. Uban na mutuwa, wan ya fitar da ƙanen daga shagon gado, ya saka shi a mota ya tura shi wani gari mai nisa, ba tare da ya faɗi dalili ba. Duk unguwa ta tsani wan nan. Akwai wata maƙwabciyar Auta, 'yar Ruwan Gizo, wadda in ya bayyana a allo sai ta yi tsaki har sai yaran da ke goye sun farka. Inna kan zauna can gefe a kan tabarmarta, carbi a hannu, wai ita ba kallo take ba. Amma ranar wasan ba ta taɓa jinkirta sallah ba.

Zangon wasan ya ƙare wan yana kwance a asibiti bayan haɗarin mota, ƙanen ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa a kan marfi, bai tura ba. Aka ce sai zango na gaba. Muka jira, shiru. Sai jita-jita ta cika gari. Wasu su ce wanda ke fitowa a wan ya ɓata da masu shirin, don haka kashe shi za a yi. Wasu su ce an daina wasan baki ɗaya. Wasu su ce za a fito da wata ƙanwa da ba a san da ita ba ta sasanta su. A kasuwar Talata na ji masu tumatir suna musun, a gidan suna na ji, a cikin keke ma na ji. Mutanen da ba sa ga-maciji da 'yan uwansu na jini su ne suka fi kowa iya yanke wa 'ya'yan attajiri hukunci. Abin yakan ba ni dariya, yakan kuma ba ni haushi.

Wata rana bayan la'asar na je gidan na tarar ana ɓarar gyaɗa, musun ya yi zafi. 'Yar Ruwan Gizo tana cewa, "Ni dai su kashe shi kowa shi huta. Mutumin ga mugunta gare shi, ko a Makka ya mutu ba ni yi mishi addu'a."

Auta ya shigo shan ruwa, ya tsaya ya sa baki. "A'a, kar shi mutu. Shi tashi shi iske ƙanenai ya hi shi komi, shi durƙusa gaban mutane shi roƙi gahwara. Wanga shi ad daidai."

Matarsa ta ce ita dai a bari su shirya, aka taso mata a kan ta cika sanyin hali. Ana cikin haka muka ji muryar Inna, wadda ba ta taɓa tofa komai a kan wasan ba.

"Ku kuna gaban akwati, abin da anka nuna muku shi kunka gani," in ji ta. "Wa yaj ji abin da anka ce mishi bayan ƙohwa?"

Kowa ya juyo. Idonta na kan gyaɗar da ke cinyarta.

"Babba ba shi korar ƙanenai don daɗi. Wani lokaci aikenai a kai, kuma wanda ya aike shi ba shi da bakin hwaɗi. Tun da anka soma wasan ga kowa zaginai shikai, ban ga wanda yat tambaye shi ko ya ci abinci ba. Yaron ga shina da kirki. In sunka kashe shi ba a wanke shi ba, sun zalunce shi."

'Yar Ruwan Gizo ta bushe da dariya ta ce ashe Inna lauya ce ba a sani ba. Mata suka yi ta tsokanarta, Auta ma ya yi dariya ya koma shago. Ni ban yi ba. Na lura tana ta murza ƙwayar gyaɗa guda a tsakanin yatsunta har ta dagargaje, kuma a iya tunanina wan cikin wasan ba wanda ya aike shi ko'ina. Da mutane suka ragu na matsa kusa da ita na ce, "Inna, wa ya aike shi?"

Ta ce, "Ni zancen wasa nikai." Ta miƙe ta ɗauki buta.

Washegari na tafi wurin ƙanwarta, wadda muke kira Inna Ƙarama, a wata unguwa cikin Mafara. Muka gama gaisuwa, na tambayi ciwon ƙafarta, ta tambayi yara da maigida ɗaya bayan ɗaya, sannan na maimaita mata abin da Inna ta faɗa. Sai ta dube ni ta ce:

"Tunda ita da kanta ta buɗe baki, ni mi za ni ɓoye? Ni ta aika Bakura. Tac ce in ce ma wancan, in anka ɗauke Auta cikin gidan ga ba ta yahe mishi ba. Shi yi yadda za shi yi gidan shi gagari kwana. Da nih hwaɗa mishi, yac ce to, ya ji. Bai ƙara ko kalma ba."

Na ce to me ya hana ta faɗa, tana gani ana tsine masa?

"Ke ma dai. Ta tashi gaban mutane ta wanke ɗan hwari? Ai sai a ce ta zub da kunya. Shi ko ba shi tona uwatai."

Raina ya ɓaci a ranar kamar ban taɓa jin ɓacin rai ba. Na girma ina ganin alkunya ado ce, ina ma alfahari da yadda Inna ta iya ta. Amma a hanyar komawa gida na riƙa tuna Yaya yana shiga motar nan bai ce komai ba, na ji na tsani al'adar, na ji haushin Inna, na kuma ji tausayinta ya fi haushin yawa. Mace ce da ta ceci ɗa guda da hannun ɗayan, aka bar ta ba ta da inda za ta ce ya kyauta sai a kan wani ɗan wasa da bai san tana duniya ba.

Ban tsaya gida ba, shagon Auta na wuce. Na jira masu karɓar waya suka tafi, na faɗa masa komai. Ya riƙa naɗe wayar caji a hannu, ya kwance, ya sake naɗewa. Ya ce, "Gero ya kusa nuna hwa." Na ce na sani, kuma shi ma ya san abin da ya sami waɗanda suka tsaya jiran nasu. Ya ajiye wayar ya koma kan aikinsa. Makonni suka wuce bai ce da ni komai ba, har na fara cire rai. Sai ranar kasuwar Bakura matarsa ta kira ni ta ce ya rufe shago da hantsi ya hau babur.

Abin da suka ce wa juna a kara, cikin shanu da dillalai, ban sani ba, don ba wanda ya ba ni labari. Na dai san ranar Juma'a Yaya ya yi sallama a gidan Auta. Ya cire takalmi ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin Inna ya jero gaisuwa: kwana, gajiya, jiki, zaman baƙon wuri. Ta juya ta fuskanci bango kamar kullum, tana amsa "lahiya lau" da ƙaramar murya. Da ya gama ta ce wa matar Auta, "A ba na Bakura abinci." Iyakar abin da ya samu ke nan, kuma na ga ya cinye tas.

Inna ba ta kai azumin shekarar ba. Ciwon da ya kama ta bai ja ba, ta rasu a ɗakinta, su biyun suka sa ta a kabari. Wasan kuwa har yau bai dawo ba. Wan yana nan kwance a asibiti, ƙanen yana tsaye a bakin ƙofa, kuma 'yar Ruwan Gizo tana nan kan bakanta a kashe shi.

Bayan an watse daga zaman makoki, Yaya ya zo yi mini sallama zai koma Bakura. Muka zauna a zaure. Furfura ta cinye masa gemu, ban san yaushe ba. Ya yi ta juya hularsa a gwiwa, can ya ce, "Auta yac ce Inna ta yi wata magana kan wani wasan talabijin. Ni ban taɓa kallonai ba. Mi tac ce?"

Na faɗa masa tun daga farko, yadda ta faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Da na zo wurin "yaron ga shina da kirki" sai ya ɗaga mini hannu.

"Haka tac ce? Da bakinta?"

Na ce da bakinta, a gaban mutane.

Ya sunkuyar da kai. Direban da zai tafi da shi yana ta danna hon a waje, Yaya bai motsa ba.

Ya ce, "Sake hwaɗa min."